Manajan Auta

Aikin Auta shi ne ta sa mutane su so abin da ba su tashi da niyyar saye ba. Ta rubuta wa mai sabulu talla, ta rubuta wa likitan haƙori, ta rubuta wa wata makarantar koyon tuƙi wadda motarta ba ta tashi sai an tura. Ofishinta teburi ne a kusurwar falo, tsakanin firji da taga, an tokare ƙafarsa ɗaya da kwali don kada ya riƙa rawa. A nan take zama gaban kwamfuta tana juya magana har ta yi daɗi. Abu ɗaya ne ya gagare ta duk shekarun nan, wato ta ce wa mutum a'a, shi kuma ya ji a'a ɗin.

Ba wai ba ta gwadawa ba ne, sana'ar ce ta ɓata ta. Duk kayan aikinta na jawo mutum ne, ba ta da ko ɗaya na kora. In ta zauna rubuta wa kwastoma cewa ba ta aiki bayan magariba, sai ta fara da gaisuwa, ta yi godiya, ta yaba masa haƙuri, ta ce tana alfahari da kasuwancinsa. Kafin ta kai ga maganar magariba mutumin ya riga ya ji kamar walima aka gayyace shi, washegari kuma sai ya kira da wuri ya ce saƙonta ya taɓa masa zuciya.

Babban kwastomanta Mai Katifa ne, wani dattijo mai faffaɗan shago a bakin babban titi. Aikinsa ne ke riƙe da gidan, shi ne haya, shi ne maganin Inna, sauran kwastomomin duk ciko ne. Ba mugun mutum ba ne, a gaya masa gaskiya. Yana kiran Auta 'yata, yana tambayar jikin Inna, yana sa albarka. Matsalarsa guda ce, basira ba ta sauko masa sai ya rufe shago ya shiga mota ya maƙale a cunkoso. A nan yake tuna cewa kalmar inganci ta yi kaɗan a tallar jiya, ko maiɗakinsa ta ce launin rubutun ya yi kama da na asibiti, ko ƙaninsa ya ce a sa hotonsa yana zaune a kan katifa. Sai ya ɗauki waya, daidai lokacin da Auta ke ajiye kwanon abinci a gaban Inna.

Ita kuwa Inna, mahaifiyar Auta, tana da ciwon suga da taurin kai, kuma na biyun ya fi na farkon wuyar magani. Takan sha ƙwayarta dab da cin abinci, likita ya ce abincin ya biyo baya ba da ɓata lokaci ba. Amma tun da mijinta ya rasu ta rantse ba ta cin abinci ita kaɗai.

"Ni ba fursuna ba ce da za a turo min kwano a juya min baya," in ji ta.

Saboda haka in waya ta yi ƙara sai ta naɗe hannu ta zuba wa abincin ido. Auta ta riƙa yi mata nuni da hannu ta fara ci, Inna ta riƙa kallon silin kamar an rubuta wani abu a can.

Wata yamma Mai Katifa ya kira a kan maganar hoton nan, ko ya zauna a kan katifar ko ya tsaya a gefenta yana nuna ta. Auta na tsaye bakin taga tana cewa to, Alhaji, haka ne, Alhaji, maganar ta yi ta tafiya ba ƙarshe. Da ta waiwaya sai ta ga Inna ta riƙe gefen teburi, gumi na tsattsafo mata a goshi, hannunta na karkarwa. Auta ta jefar da wayar a kan kujera ta ruga ta dama ruwan suga. Tana ɗura wa Inna tana jin muryar Mai Katifa daga cikin kujerar, bai ma san ba kowa a layin ba, yana ta bayanin yadda zai karkata hula. Auta ta ji tsoro a ranar irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta kuma ji haushin kanta fiye da haushinsa.

Washegari likita ya wanke Auta tas. Bayan sun fito ta bi layin karɓar magani, a nan ta tsaya tana kallon mutumin da ke bayan taga. Ba ya gaisuwa, ba ya murmushi, ba ya ɗaga kai. "Babu. Na gaba." "Sau biyu a rana. Na gaba." Manyan mutane masu babbar riga suna karɓar abin da ya miƙo musu suna yi masa godiya, ba wanda ya tsaya neman ya sake duba masa. Auta ta saba aron murya, ta yi magana da bakin uwa mai wanki, ta yi da bakin saurayi mai son babur. Ta ce a ranta wannan ma murya ce, ana iya rubuta ta.

A hanyar gida ta sayi sabon layi ta sa a tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi. Ta zauna ta rubuta wa duk kwastomominta saƙo ɗaya:

"Daga Manaja. Daga yau ba kira bayan magariba. Gyara sau biyu ne a kowane aiki, abin da ya wuce haka sabon aiki ne. Ba na amsa kira, a rubuto."

Ta sa "da fatan kana lafiya" a sama ta goge, ta sake sawa ta sake gogewa. Ta ji kamar ta shiga gidan mutane ba sallama. Ta runtse ido ta tura.

Da safe Mai Katifa ya kira ta a layinta, murya ƙasa-ƙasa kamar Manajan na iya jin su.

"'Yata, wane ne wannan ya turo min saƙo?"

"Manaja ne, Alhaji. Aiki ya yi min yawa, shi ke kula da harkokin yanzu."

Tana jiran ya ce to a kai kasuwa. Sai ta ji ya yi gyaran murya.

"Wannan da ji ya san aiki. Daga wani babban kamfani kika samo shi ko? Na gane daga yadda ba ya yawan magana."

Sau ɗaya ya gwada sa'arsa. Ya kira da magariba, Auta ta zauna a kan hannayenta har wayar ta gaji ta yi shiru, sannan ta ɗauko mai fasasshen gilashin ta rubuta, "An ga kira. Gobe da safe." Nan take amsa ta shigo: "Ranka ya daɗe, a yi min afuwa, mantuwa ce." Ta daɗe tana kallon saƙon. Shekaru tana yi wa mutumin nan aiki bai taɓa cewa ta yi masa afuwa ba, domin bai taɓa sanin ya yi mata laifi ba.

Gida ya gyaru. Abinci na sauka daga wuta ana cin sa da zafinsa, Inna na ba da labarin maƙwabta har da kwaikwayon muryarsu, sugan ma ya kwanta. Tun ranar farko Auta ta gaya mata gaskiyar Manaja, Inna ta yi dariya har ta shaƙe, daga nan kuma ta samu abin tsokana. In Auta ta bar kofi a kan teburi sai ta ce, "Bari Manaja ya zo ya gani." In ta makara da safe sai ta ƙwanƙwasa mata ƙofa ta ce, "Tashi, kada a rage miki matsayi."

Wata rana motar shago ta tsaya a ƙofar gida, aka sauke katifa mai kauri a cikin ledarta, irin wadda ake ajiyewa can sama ba a bari kowa ya taɓa. Direban ya ce Alhaji ya ce a ba Auta ta kai wa Manaja, tunda ba a san gidansa ba, ta kuma yi hankali kada ledar ta yage. Auta ta rubuta wa katifar nan yabo ba iyaka, amma ko matashin kai ba a taɓa ba ta ba. Suka ja ta zuwa ɗakin Inna. Inna ta kwanta ta miƙe ƙafa ta ce, "Allah ya yi wa Manaja albarka, ɗan halak ne." Auta ta yi dariya, amma abin ya tsaya mata a rai.

Sai ga babban aiki ya zo. Mai Katifa zai buɗe sabon reshe, yana son rubutun da za a sa a allon talla na kan gada da wanda za a karanta a rediyo. Auta ta yi kwanaki a kai, ta cika kwandon shara da takardu, a ƙarshe ta tura masa layi biyu: "Jikinka ya wuni yana yi maka aiki. Ka ba shi wurin kwana na mutunci." Ta san ta yi abin kirki, irin sanin da mutum ba ya bukatar a gaya masa.

Mai Katifa ya ce bai yi armashi ba. A gyara na farko ya sa aka ƙara inganci da rahusa da lambobin waya. A na biyu ya sa aka cire jiki, domin maiɗakinsa ta ce ba a faɗin jiki a kan gada, aka kuma ƙara sunan mahaifinsa da shekarar da aka kafa shagon. Abin ya koma kamar sanarwar ɗaurin aure. Shi kansa da ya karanta ya ji akwai abin da ya ɓace, sai ya rubuta wa Manaja cikin ladabi yana roƙon a yi masa alfarmar gyara na uku.

Auta ta gaji, kuma ba ta da wani sabon abu a kanta. Ta kwafo layi biyun nan na farko, ba ta taɓa ko wasali ba, ta tura daga wayar Manaja: "Na duba da kaina. Wannan za a buga."

Aka buga. Mutane suka kama shi, direbobin haya na faɗa wa juna a tasha, wata mata ta shiga shagon ta ce a ba ta wurin kwana na mutunci. Auta ta hau mota ta je har kan gadar don kawai ta gani da idonta, ta dawo gida kai na rawa.

Da hantsi washegari saƙon murya daga Mai Katifa ya shigo wayar Manaja. Tana yankan albasa a kicin ta danna.

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ni dai tun da na ga rubutun nan na ce wannan hannun manya ne. Ka ga bambanci ai. Yarinyar nan taka tana da ladabi, ba zan ɓoye ba, amma tsakanina da kai, shekarun nan ni nake rubuta mata rabin aikin a waya. Sai na riƙe mata hannu kullum. Yanzu mun girma, muna da reshe. Ina so daga yau kai da kanka ka riƙa yi min, kada a ba ta. Ni da ni ne kai ma da na sallame ta na nemi gogaggiya, amma kai ka san ma'aikatanka."

Ta sake saurara, ko ta ji ba daidai ba. Daidai ta ji. Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta yafa mayafi ta ce wa Inna za ta je ta dawo. Ta yanke shawara yau za ta faɗa masa, ko me zai faru ya faru.

Shagon na warin sabon soso da leda. Katifu sun hau kan juna har silin, fanka na kaɗa takardun farashi da aka liƙa musu, ga hoton allon kan gada an sa a firam a bayan teburin Alhaji. Yana ganinta ya taso da fara'a, ya zaunar da ita a kan katifar gwaji, ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi. Babu alamar kunya a fuskarsa, a wurinsa maganar da ya yi da safe maganar manya ce da ba ta shafe ta ba.

"Alhaji, na zo ne a kan Manaja," ta ce.

"Yana matsa miki ko? Ki yi haƙuri da shi, ki koyi aiki. Irinsu ba su da yawa." Ya jingina da kujera ya yi ajiyar zuciya. "Amma in faɗa miki gaskiya, ina kewar yadda muke da. Kamar 'yan gida. Abu ya faɗo min a mota in kira ki mu yi ta tattaunawa har in isa gida. Yanzu sai in riƙe shi a ciki har safe, rabi ya zube. Da ba don ina jin nauyin mutumin nan ba, ai da kin ji ni kullum."

Auta ta dubi kwalbar lemon da ke hannunta. Maganar na bakinta, kalma uku ce kacal, ni ce Manaja. Ta san abin da zai biyo baya sarai. Zai yi salati, ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe 'yar gida ce, ya yafe mata, ya ma yi alfahari da ita. Sannan da magariba wayarta za ta yi ƙara, Inna ta naɗe hannu ta kalli silin. Ta shanye lemon ta ce gaisuwa ce kawai ta kawo ta.

A gida ta tarar da Inna tana ninke kaya a falo. Ta ba ta labari a tsaye, ba ta ko cire mayafi ba.

"To yanzu me za ki yi?" Inna ta tambaya.

"Abin da kwastoma ke so."

Ta zauna a teburinta ta ɗauko wayar Manaja. Wannan karon ba ta yi ta sawa tana gogewa ba, hannun ya riga ya saba. "An sallame ta. Ni zan riƙe aikinka. Ƙa'idoji suna nan yadda suke." Amsa ta zo da addu'a mai tsawo da hoton babban yatsa a ɗage. Aikin reshe ya tabbata, haya ta tabbata, maganin Inna ya tabbata, ita kuma ta zauna tana kallon bango. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta ji kunyar yadda korar ƙarya ke ciwo kamar ta gaske.

Magariba ta yi, ta zuba abinci, Inna ta haɗiye ƙwayarta da ruwa. Suna sa hannu wayar Auta ta yi ƙara, tata ta ainihi, sunan Mai Katifa na haskawa a kai. Bai kamata ta ɗauka ba, ta sani. Amma zuciyarta na son ta ji kalma ɗaya mai daɗi daga bakinsa, ko da ta ban haƙuri ce. Ta ɗauka, Inna kuwa ta janye hannunta daga kwano.

"'Yata, na ji abin da ya faru, wallahi ban ji daɗi ba." Ana jin ƙahon motoci a bayansa. "Mutumin nan ba shi da tausayi. Ni shawara kawai na ba shi, ban ce ya yi gaggawa haka ba. Ki ɗauka ƙaddara ce, Allah zai buɗa miki wata ƙofar."

"Na gode, Alhaji."

"Ba komai, ai ke tawa ce. To dama, tunda yanzu kina zaune ba abin yi, akwai wani ɗan tunani da ya zo min yanzun nan a kan tallar rediyo. Shi kin san ba a samunsa da yamma. In faɗa miki ki ɗan tsara min, tsakaninmu, ba sai ya ji ba. Ya rage miki zaman banza."

Auta ta dubi Inna. Tsohuwar ta naɗe hannu, amma yau ba silin take kallo ba, ita take kallo.

"Alhaji, an sallame ni."

"Ai shi ya sa na ce..."

"Wanda aka sallama ba ya taɓa aikin kamfani. Ka rubuta wa Manaja da safe."

Ta kashe wayar ta kife ta a kan kujera, ba gaisuwa, ba godiya, ba a gaida gida. Wannan ne karo na farko da ta faɗa masa a'a da muryarta ya kuma ji a'a ɗin, sai dai sai da ta rasa sunanta a kan aikinta kafin ta iya, kuma ko yanzu a bayan Manaja ta laɓe. Gobe za ta tashi ta rubuta masa talla mai kyau, ya yaba wa wani.

Inna ta turo mata kwanon.

"Ci, Auta. Mutumin nan naki azzalumi ne, ya kori 'yata ba laifin tsaye ba na zaune. Amma ki bar shi a aikinsa."

Auta ta yi dariya, dariyar ta zarce ta koma wani abu, ta goge ido da bayan hannu. Inna ta yi kamar ba ta gani ba, ta jira har Auta ta kai loma baki sannan ita ma ta fara ci.